Na Maida Tahiru Aikin Safe Don Ya Riƙa Ganin Matarsa

Tanti Zakiyya,

Assalamu alaikum. Don Allah don Annabi ki taimake ni, kuma ki yi sauri, don ƙarshen watan nan za a kori wata baiwar Allah daga aiki, ni ce sanadi, kuma ba wanda ya sani sai ni. Sunayen da zan faɗa duk na canza su. Ki yi haƙuri in rubutun ya yi tsawo. Ni ba na iya magana gaban mutane, sai in na riƙe bik ina rubutu.

Ni ɗiya ce 'yar shekara goma sha bakwai, ina lise, wato babbar sakandare, a nan Gazawa. Kawuna Muntari, ƙanen mamata, yana da wurin gyaran aya a bakin gari, ana tankaɗe ta, a tsince tsakuwa, a ɗura a buhu. Ma'aikatan kashi biyu ne, na safe su tashi da azahar, na yamma su karɓa. Bana da aka ba mu babban hutu Kawu ya sayo na'urar dangwala yatsa, wadda suke ce wa fuwantaj, aka kafa ta bakin ƙofa, aka haɗa ta da ordinata, wato kwamfutar da ke buro, ofishin wurin. A ciki ake sa sunan kowa, a sa mishi lokacin shigarsa da na fitarsa. In ya makara ko ya fita lokaci bai yi ba, sunansa ya yi ja. Kawu ya ce idonsa ba ya jure ƙananan rubutu, tun da ni ce 'yar lakol in zauna a koya mini. Ya ba ni lambar sirrin, ya koma Maraɗi inda ya fi zama. Mamata har maƙwabta ta gaya wa wai ɗiyarta na aikin buro.

Da can wani dattijo ne, Malam Gajere, ke raba aikin da kansa, ba takarda ba komai. Kafin ya aje aiki ya koma garinsu ya zauna ya yi ta faɗa mini, wane safe, wance yamma. Bai faɗi dalili ba, ni ma ban tambaya ba.

Tanti, abin da nake jin kunyar faɗa ke nan. Ina karatun littattafan soyayya ƙwarai, a salula da waɗanda muke ara tsakaninmu. Babana ya sha cewa su za su lalata mini kai. Kuma teburina yana jikin taga, tagar tana kallon ƙofa.

Cikin ma'aikatan akwai mata da miji, Asta da Tahiru, asalinsu Fulani ne. Ita tana tsintar safe, shi yana kan injin tankaɗe da yamma. Kullum da azahar nan bakin ƙofa suke gamuwa, ita za ta fita shi zai shiga. Ba gaisuwa, ba murmushi. Ya miƙa mata makulli yana kallon wani wuri, ta karɓa tana kallon ƙasa, kowa ya wuce. Asta kyakkyawa ce, doguwa, in tana tafiya kamar ba ta son taka ƙasa. Sai na fara saƙa musu labari a raina. Na ce da can sun so juna kamar me, aiki ne ya shiga tsakani, in ta dawo ya fita, in ya dawo ta gaji, har soyayyar ta huce. Na ce da za su riƙa tahowa tare da sanyin safiya, su koma tare, wata rana zai ɗaga kai ya ga ƙurar aya bisa girarta ya tuna. Wallahi har kuka na yi musu ni kaɗai.

To ranar nan sai na buɗe ordinata, na ja sunan Tahiru na kai shi safe, na ɗauko wani Sale na maida shi yamma. Bai fi ƙiftawar ido ba. Na fitar da sabon tsarin na manna a bango. Ina ta murna a ciki kamar na yi sadaka.

Washegari Tahiru ya tsaya bakin buro, bai ma shigo ba, ya tambaye ni cikin ladabi ko kuskure aka yi a sunansa. Ban iya ɗaga kai ba. Na ce na'ura ce ke raba aiki yanzu, ni ba ni da hannu. Ya ce to, Allah ya sa hakan ya fi alheri. Ƙaryar farko ke nan, kuma da na yi ta sai ta zame mini dole. Ya gwada zuwa da yamma kamar da, na'ura ta rubuta bai zo aiki ba sam. Ya nemi Sale su yi musanya, Sale ya ce shi kam ya samu safiyarsa ta zuwa gona, ba mai raba shi da ita.

Ni kuwa ina taga ina jiran in ga sun taho tare. Ba su taɓa tahowa tare ba. Tahiru ya zo a kan lokaci, Asta ta zo a makare tana haki, hantsi ya yi ta sulale ta fita, ta dawo idonta ja. Sunanta ya fara yin ja a ordinata, yau ja, gobe ja. Kin san abin da na ce a raina? Na ce haka abin yake a littafi, sai an sha wuya tukuna a shirya.

Satin da ya wuce da hantsi wani ɗan kabu-kabu ya tsaya bakin ƙofa yana ƙwala wa Tahiru kira. Shi da Asta suka fita a guje, ba wanda ya tuna da dangwala yatsa. A bakin matan tsinta na ji sauran, suna magana ƙasa-ƙasa, sun manta ina bayan buhuna. Ashe mahaifiyar Tahiru, Gogo, tana wurinsu, tsufa ya taɓa mata tunani. Tana mantuwa da inda take, ta ɗauki ƙwarya ta ce za ta je tatsar shanu, shanun da aka sayar tun ban zo duniya ba. Ba a barin ta ita kaɗai. Shi ya sa Malam Gajere ya raba su, ɗaya na aiki ɗaya na gida. Makullin nan kuwa, dab da azahar takan yi barci, sai Tahiru ya rufe ƙofa ya taho da sauri ya miƙa wa Asta, ita ta ruga ta buɗe kafin tsohuwar ta farka. Da na haɗa su safe, sai ya zama rufe ta za a yi tun safe har azahar. Tana bugun ƙofa tana kuka tana kiran sunan mijinta da ya rasu. Asta ta kasa jurewa, shi ne makarar, shi ne fitar hantsi. Ranar ta bar ƙofa a buɗe, ta bar Gogo a hannun wata maƙwabciya, maƙwabciyar ta shiga wanka. Can hanyar iyaka aka tarda Gogo, inda manyan motoci ke wucewa, ba takalmi, ƙafarta duk ƙaya, tana riƙe da ƙwaryarta.

Tahiru ba ya son a sani. Wai ya ce ba zai bari yaran gari su riƙa bin uwarsa suna ce mata mahaukaciya ba, ko a ce a ɗaure ta. Shi ya sa ko da Kawu ya kira ya yi faɗa, ba wanda ya ambaci Gogo. Kawu ya ce shi ba ya son jin uzuri, don haka ma ya sayi na'ura, ita ba ta da dangi ba ta da ƙawa. Ya ce in ya zo ƙarshen wata, wanda ya fi kowa ja ya tafi. Asta ce, nesa ba kusa ba.

Yanzu kuma wai faɗa suke a gida. Shi ya ce ta aje aikin ta zauna da Gogo, ita ta ce ta riga shi shiga wurin, kuma da aikin take riƙe ƙannenta. Jiya na ga ta wuce shi a tsakar wurin, ya yi mata magana ta ƙi juyowa. Da can da ba sa magana ban san lafiya lau suke ba. Yanzu na ga yadda rashin magana na gaske yake.

Lambar sirrin tana hannuna har yanzu. Zan iya goge jan nan duka, in maida Tahiru yamma, in ce na'ura ce ta sake shawara. Na buɗe wurin ya fi a ƙirga, in sake rufewa. In kuma na gaya wa Kawu, babana zai ji, zai ƙone littattafaina, mamata ta ji kunyar maƙwabta. Kuma ta yaya zan faɗa ban tona asirin Gogo ba? Ba na iya cin abinci. Asta ta gaishe ni shekaranjiya, ta ce sannu da aiki ƙanwata. Na shiga bayan gida na yi ta kuka.

Me zan yi, Tanti?

Ɗiyarki mai zaman taga, Gazawa

*

Ɗiyata,

Wa alaikis salam. Na tsallake wasiƙun da suka riga taki don wata ya kusa ƙarewa.

Kin yi laifi, kuma ba wai canza lokacin Tahiru ne babban ba. Babban shi ne ranar da magidanci ya tsaya bakin ƙofarki ya tambaye ki, kika ce na'ura ce. Da kin ce ni ce, me ya faru, da abin ya mutu a wurin. Amma ba ke kaɗai ba ce. Kawunki ya miƙa wa yarinya lokutan mutane masu iyali ya tafi Maraɗi, sannan ya ce ba ya jin uzuri. Na'ura ba ta san komai ba sai abin da aka zuba mata. Shi ma Tahiru, da ya je wa mai wurin a asirce, da ba a kai nan ba, ko da yake ina ganin girman ɗan da ke kare mutuncin uwarsa.

Kada ki goge komai. Jan nan gaskiya ne, Asta ta makara. Abin da ba gaskiya ba shi ne tsarin da aka auna ta da shi. In kika goge, Kawunki ya riga ya san da makararta, zai ga wuri fes, ya ce Asta ta haɗa baki da ke. Kin ƙara mata na biyu ke nan.

Ki fara da mamarki, yau. Kunyar maƙwabta ba ta kai ganin ɗiyarta na ramewa ba ta san dalili ba. Ku je gidan Asta tare, ki faɗa musu da bakinki, ita da mijinta, cewa ke kika canza, ba na'ura ba, ba Kawu ba. Su ji wannan kafin kowa, don yanzu kowannensu yana ɗora wa ɗan'uwansa abin da ba shi ya jawo ba.

Sannan ku kira Kawunki tun bai iso ba. Ba sai kin ambaci Gogo ba. Abin da za ki ce kaɗan ne: Malam Gajere ya bar su ɗaya safe ɗaya yamma, ni na haɗa su ban tambayi kowa ba, makarar Asta daga ranar ta fara. Ordinatar da kanta za ta nuna masa haka, ya dubi kwanakin kafin canjin ya ga ko akwai ja. Maganar tsohuwa tasu ce, in sun so su faɗa. Irin waɗannan manhajojin galibi suna da wurin rubuta dalilin makara ko izini. Kawunki ne zai ba da umarni a rubuta, ba ke ba. Batun Sale ma nasa ne. In Sale ya riƙe yammarsa, ai ana iya maida Asta yamma ta yi musanya da wata cikin matan. Abin da ake biɗa dai kullum a samu mutum ɗaya a gida.

In an bar ki a buron, ki riƙe wannan: ba a canza wa mutum lokacin aiki sai an tambaye shi, kuma sai mai wurin ya yarda. Ki roƙi Kawunki ya zauna da kowa ya ji dalilin lokacinsa, wa ke da jinya, wa ke da gona, wa ke shayarwa, kafin a sake taɓa tsarin. Mamarki kuma ta san yadda za ta sa wa Tahiru baki a hankali su kai Gogo likita. Mantuwar tsufa ciwo ce, ba abin ɓoyo ba ce.

Littattafanki ba ni ce zan ce a ƙone su ba, ni ma na karanta nawa. Sai dai akwai gidajen da ba a kallon miji a gaban mutane, kunya ce ba ƙiyayya ba. Mace da ke gudu cikin rana don ta buɗe wa uwar mijinta ƙofa ba ta buƙatar a koya mata so. Kuma kada ki sake cewa za ki shirya su. Wannan ba aikinki ba ne, ki cire hannunki su za su san hanyarsu.

Mai yiwuwa a karɓe lambar sirrin. Mai yiwuwa babanki ya yi fushi na kwana biyu. Mai yiwuwa Asta ta ƙi ɗaga kai ta dube ki, kuma tana da gaskiya. Ki zauna bisa tabarmarta duk da haka, ki faɗi maganarki har ƙarshe, kada ki nemi ta lallashe ki. Duk waɗannan masu wucewa ne. Aikin matar nan in ya tafi, ba lalle ya dawo ba.

Allah ya ba Gogo lafiya, ya zaunar da gidansu, ke kuma ya ba ki ƙarfin zuciya. Aje jaridar nan, ɗauki mayafinki, je ki sami mamarki.

Tanti Zakiyya