Zuwa ga Ilu, Kan Kaset ɗin Gonar Awali

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, a Tawa ko duk inda Allah ya ajiye ka.

Ilu, ni ne Bashir ɗan Hajiya Rabi ta unguwar Sih, wanda kake yi wa dariya don Hausarsa ta cakuɗe da Larabci.

Ka tuna gonar dabino ta Awali inda kake aiki. Ni haifaffen Madina ne, ɗan ƙasa. Kai kuwa iƙamarka, takardar izinin zamanka, tana hannun mai gonar. Duk da haka kwano ɗaya muke ci. In Hajiya ta tuƙa tuwo sai ta ce, kai wa ɗan'uwanka.

Wata Alhamis ce bayan la'asar. Ɗan mai gonar, abokin karatuna, ya tara mu a ɗakin baƙi, wai ya samo kaset daga waje. Fim ɗin batsa ne, Baturiya da wani baƙin mutum. Bakina ba zai iya faɗin abin da ke ciki ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda aka ɗauki mutumin. Kyamara tana ƙasa tana hango shi, ya cika talabijin kamar dodo, ba a nuna shi daga wuya zuwa sama. Ita kuwa fuskarta ake ta matsowa, tana hawaye, wani daga baya yana ba su umarni yana dariya.

Sai ga ka da shayi. Ɗan mai gonar ya tsayar da kaset, ya ce ka tsaya gefen talabijin a gwada ku da mutumin. Ɗaki ya kece da dariya. Wani ya dafa kafaɗata ya ce, ga ma wani Takrunin nan baƙar fata, ku haka aka halicce ku. Tun yarinta nake cikinsu, ban taɓa sanin abin da suke gani in sun kalle ni ba.

Ka tsaya, don ba ka da ikon ƙi. Ka ce min da Hausa, murya ƙasa-ƙasa, Bashir, na cikin kaset ɗin nan shi ma fa da uwarsa. Na kama hannunka muka fita, muka zauna ƙarƙashin dabino har aka kira magariba.

Daga ranar muka kasa haɗa ido. Nakan kawo tuwon in ajiye bakin ƙofa, kai ma kakan jira in juya kafin ka ɗauka. Da kwantiraginka ya ƙare na kai ka Bi'ir Ali, ka ɗaura harami za ka yi umara ka wuce gida. Muka rungumi juna kowa na kallon ƙasa. Ɗan'uwana, ba mu muka aikata ba, amma mu muka kwashi kunyar, har ta cinye mana zumunci.

Kwanan baya na haɗu da ɗan mai gonar a Harami, gemunsa ya yi furfura. Ya riƙe hannuna da fara'a, ya ce ina mai shayin nan nasu, mutumin kirki. Ya manta, Ilu. Wallahi ya manta sarai.

Allah ya suturta ka duniya da lahira. Ya suturta waɗancan bayin nasa biyu da ba mu san sunansu ba. Ya sa mu sake zama wuri ɗaya kafin mutuwa, kanmu a ɗage. Amin.

Naka har kullum,
Bashir, daga Madina.