Rigar Ɗan Jamus da Awon Sadiƙu

Assalamu alaikum, Inna.

Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiyarsa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Daga Riyad nake rubuto miki, daga shagon ɗinkin nan na Al-Oud da kika rasu ina cikinsa, har yau kuma ina nan. Zancen jikanki Sadiƙu ne ya kawo ni. Na bar shi yana rarrafe, yanzu uwarsa Rabi ta ce da ƙafarsa yake zuwa makaranta. Kowace Sallah ina ɗinka masa kaya in aika, amma Inna, ban san awon ɗana ba. Da ka nake yankawa.

Aikinmu a nan bai wuce farar jallabiya ba, ka gama wannan a miƙo maka 'yar'uwarta. Kafilina, wato mai shagon, ba azzalumi ba ne, bai taɓa riƙe min haƙƙina ba. Sai dai a wurinsa ni da keken ɗinki duk ɗaya muke, in muna motsi to lafiya. Na daina ma roƙonsa hutu, don na gaji da jin "in sha Allahu, gaba kaɗan."

Kwanakin baya wata Bajamushiya, matar wani injiniya, ta shigo da ɗanta da wani tsohon hoto. Kakanta ne a ciki, yana ɗan ƙarami. Riga ce a jikinsa har gwiwa, maɓallanta a gefen ƙirji maimakon tsakiya, da ɗamara mai faɗi a ƙasan ciki, gajeren wando yana leƙowa, sai dogayen safa. Ta ce a da can haka ake sa wa yaran ƙasarsu maza, in sun bar kayan jarirai amma ba su kai ga wandon manya ba. Irinta take so wa ɗanta, domin mahaifiyarta da ke jinya a gida ta ga kamannin ubanta a jikin yaron.

Sauran telolin kowa ya sunkuyar da kai. Ni na karɓa, don almakashina ya daɗe bai bi wata hanya dabam ba.

Ta ba ni awon yaron, ni kuma na yi abin da kowane telan unguwarmu zai yi, na ƙara. Ke kika koya min. Ina tuna ki tsaye a ƙofar shagon Malam Audu tela, kina cewa, "A sake masa, Malam, yaro ba ya tsayawa wuri ɗaya." Haka nake zuwa Idi da hannun riga a naɗe, kafin ta yi min daidai ta koɗe.

Ranar gwaji yaron ya ɓace a cikin rigar. Ɗamarar ta sauko cinya, hannuwansa babu su, yana ta kaɗa su yana dariya. Kafili ya leƙo ya ce, "Ya Nijeri, wannan riga ce ko tanti?" Uwar ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi ita ba ta badi take so ba, don ba ta da tabbas mahaifiyarta za ta ga badi. Na ji haushi, Inna, amma gaskiyarta ce.

Sai na durƙusa na auna shi da hannuna. Da na ɗora masa tef a kafaɗa ya turo ƙirji wai shi babba. Da na zo hammata ya noƙe yana ƙyalƙyalawa. Tsaran Sadiƙu ne, ko ya ɗan girme shi. Nan na tsaya da tef a hannu, na kasa karanta lambar. Duk hoton Sallah da Rabi ta turo, hannun rigar Sadiƙu a naɗe yake, kuma ba ta taɓa cewa komai ba. Ke da kike sa a ƙara min, kina ganin girmana kullum. Ni rashin sani ne yake sa ni ƙarawa.

Na warware ɗinkin na sake. Ta zauna masa ɗas, sai ka ce daga hoton ya fito.

Da suka tafi na je gaban kafili, ban sunkuyar da kai ba wannan karon. Na ce masa na auna ɗan wani, nawa ban taɓa ba. Ya juya carbinsa, ya ce in an gama ɗinkin Sallah in tafi. Yau dai ya ambaci lokaci. Sai na gan ni a cikin jirgi zan gama yarda, amma zuciyata ta riga ni isa gida.

Na sayi shadda ruwan sararin samaniya, ban sa mata almakashi ba. Haka zan kai ta, sai na durƙusa a gaban Sadiƙu na auna shi tukuna.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata miki shi, Ya nuna min ranar da zan kawo Sadiƙu mu yi miki addu'a tare.

Ɗanki da bai daina kewarki ba,
Haruna