Hoton Zauren Alelu

Rahma ɗiyata,

Mutanen layinmu cewa suke ba ki da aiki sai ɗaukar hoton tsofaffin gine-gine, ni ma na taya su. Shekaranjiya da kinka ja ni Alelu, kina zagaya zauren mahaifina da wayarki, na ce miki gaban jama'a, "Karatun jami'ar ke nan, hoton laka?" Kinka ci gaba da ɗaukar hotonki.

Ɗazu bayan asuba kawunki Nafi'u ya bugo waya. Ruwan jiya ya rushe zauren, har da zanen bakin ƙofa da Baba ya yi da hannunshi. Yanzu babu inda ya saura sai cikin wayarki. Na gode da ba ki bi maganata ba.

Kada ki goge. In kin koma jami'arku a Aliero, ki wanko mini babba, wanda ƙofar ta fito sosai.

Na tahi Maiyama da albasa, sai la'asar. Na tsaya bakin ɗakinki na faɗa da baki, kin koma barci ba ki ji ba. In na dawo zan sake, gaban jama'a, tunda nan na yi laifin. Abin da na ce shi ne, "Rahma, ki yafe mini."

Babanki, Garba