Allurar da Kawu Ya Hana a Yi wa Inna

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Rabi da yara. Ya aiki, ya zaman Fatakwal? Mu nan Gwarzo sai godiya.

Maganar kumburin cikin Inna ce. Likita a Kano ya ce sai an ɗebo ɗan nama daga cikin an auna. Kawu Bala ya taso takanas daga Kabo ya ce bai yarda ba, wai ciwon daji ba ya son ƙarfe, da zarar allura ta taɓa shi sai ya bazu. Inna ta ce a yi, ni kuma na sa hannu.

Ba tiyata aka yi ba. Sun kashe wurin, suna kallon cikin a na'ura, suka soka siririyar allura suka ciro naman da bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Sakamako ya fito ranar Talata. Dajin ne, kuma ya riga ya bi tantanin da ya lulluɓe hanji. Likita ya nuna mini hoton da aka ɗauka tun kafin allurar, ƙullutun suna nan. Kawu ko kallo bai yi ba, ya ce, "Ai na faɗa." Tun ranar ba ya amsa gaisuwata.

Ka kira shi, kai yana jin maganarka. Maganin da za a fara mata ma ta jijiya ake sa shi, wato allura ce kuma.

A gaishe da kowa, a sa ta a addu'a. Ta ce in gaya maka ka zo, kada ka bari sai da sallah.

Ƙanwarka,
Hadiza