Muryar Babana Tana Korar Tsuntsaye a Guna

Zuwa ga Direktan Shirye-shirye na gidan telen da ya karɓi kaset ɗina, nan Damagaram.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki, ina gaida ma'aikatanku, da fatan iyali suna lafiya.

Aikin farko da na rubuta a kayena, wato littafin da nake rubuta ayyukana, yau shi ne: naɗe zaren kaset mai lamba biyar da alƙalamin bik. Na gama shi bayan sallar asuba, sannan na buɗe sabon shafi na fara wannan takarda. Sau uku ina rubuta ta ina yagewa, don ban tabbata ina da hurumin yin magana da ku a bainar jama'a ba. Amma na zo biro ɗinku, wato ofishinku, sau bakwai ban gan ku ba. Ban ambaci sunanku ko na gidanku ba. Kun san kanku.

Sunana Lawali, ɗan marigayi Malam Mamman baduku na Zango. Ina aikin kula da ɗalibai a wata kolej. Tun ina saurayi nake rubuta abin da na yi kowace rana a kaye, saboda haka abin da zan faɗa ba daga ka nake faɗar shi ba.

1. Abin da na kawo muku

Muna yara, tele ɗaya ce a layinmu, ta wani ɗan kasuwa maƙwabcinmu. Ranakun da babu lakwal, wato makaranta, da yamma yakan sa a fito da ita zaure, mu cika shi har bakin ƙofa, mu kalli zanen nan mai motsi da muke kira desan. Da Faransanci ake yin shi, mu kuwa ba ma ji. Mahaifina ma ba ya ji, in ban da gaisuwa da ƙirga. Sai ya ajiye fatar da yake ɗinki, ya tsaya gefen tele, ya dubi hoton, ya riƙa ba mu labarin da Hausa. Mai gidan yana da rediyo mai ɗaukar magana, shi ya ɗauki muryarsa. Kaset tara aka samu. Da mahaifina ya rasu, mahaifiyata, Inna, ta naɗe su cikin ɗankwali ta sa a ƙasan akwatinta. Ba mu da hotonsa ko ɗaya. Muryar nan ce kawai.

A bazarar da ta wuce kuka yi sanarwa cewa duk mai wani tsohon abu da ya shafi desan na da ya kawo, za ku yi shiri a kai, za ku juya shi a kwamfuta ku mayar wa mai shi. Inna ba ta so ba. Kwana huɗu ina lallashinta, ina ce mata jikokinta za su ji kakansu a waya. Na manna wa kowane kaset takarda, na rubuta lamba da koren bik, daga ɗaya zuwa tara. Na miƙa su ga sakatarenku ranar wata Talata. Ban nemi takardar shaida ba. Na ji kunyar nema, don kada a ce ban yarda da mutane ba. Wannan kuskurena ne, na kuma rubuta shi a kaye da hannuna.

2. Abin da kuka yi da shi a shirin

Ranar da aka nuna shirin, Inna ta yi wanka ta sa zanen da take zuwa suna da shi, ta zauna gaban tele. Ku ne kuka jagoranci zaman, tare da wani malami da wani matashi mai zane a kwamfuta. Kun sa ɗaya daga cikin kaset ɗin, bai kai minti ɗaya ba kuka tsayar. Malamin ya ce abin da tsohon yake faɗa ba shi ne Bature yake faɗa ba, ko kusa. Matashin ya kwaikwayi muryar mahaifina, kuka yi dariya ku uku. Ku kuma kuka rufe da cewa desan na da shirme ne aka kwaso daga waje, kuma ga shaida har an samu masu ƙara wa yara ƙarya a kai. Inna ta tashi ta shiga ɗaki. Ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta dai cire zanen ta ninke.

3. Inda nake ganin kuna da gaskiya

Ba zan ɓoye ba. Zanen ba shi da kyau in aka gwada shi da na yanzu. Baki yana motsi bayan magana ta wuce. Itace ɗaya ake nunawa sau goma in ana gudu. Akwai duka da yawa a ciki, ana maka wa dabba tukunya a ka ta tashi kamar ba a yi ba, kuma na san yaron da aka fasa wa goshi a layinmu saboda kwaikwayon haka. Babu baƙin mutum ko ɗaya, babu gida irin namu. Sau da yawa ina tambayar kaina ko desan ɗin nake so, ko ƙuruciyata ce kawai nake kewa. Ban gama samun amsa ba.

Kuma gaskiya ne mahaifina ba fassara yake yi ba. Akwai wani desan na wata ƙatuwar dabba mai hula da take gyaran agogo a garin da ƙanƙara ta rufe. Ba mu taɓa ganin irin dabbar ba, sai ya ce mana kura ce da ta tuba ta koyi sana'a. Ƙanƙarar kuma ya ce audugar rimi ce ta zubo musu. A bakinsa, labarin kullum a kan abu ɗaya yake ƙarewa: wanda aka kawo wa kaya gyara, ya mayar wa mai shi ranar da ya yi alƙawari, ko da dariya ake masa a kasuwa. Abin da ya sani ke nan a sana'arsa, shi ya zuba a cikin zanen Turawa.

4. Inda nake ganin ba ku da ita

Wannan ita ce maganar da ta fi yi mini wuyar rubutawa. Abin da kuka yi wa mahaifina a tele, ni na riga ku yi masa shi a zaure.

Ina shekara goma sha huɗu, na shiga kolej, Faransanci ya fara zauna mini a kunne. Wata rana yana cikin ba da labarin kurar nan, na ɗaga murya a gaban yara na ce ba haka aka ce ba, dabbar ma ba kura ba ce, kuma maganar zuwa aiki a kan lokaci ake yi. Bai yi fushi ba. Ya matsa gefe ya ce in zo in tsaya in faɗa musu daidai. Na tsaya. Na fassara kalma bayan kalma, ban yi kuskure ko ɗaya ba a iya sanina. Kafin a gama, zauren ya ragu. Ƙanana suka fara fita wasan langa, manya suka bi su. Muka rage ni da tele da shi, yana zaune ya koma kan ɗinkinsa. Daga ranar bai sake tsayawa gefen tele ba. Ko yara sun roƙe shi, sai ya ce su tambayi Lawali, shi ya yi karatu. Rediyo yana ɗauka a ranar. Kaset na tara ke nan.

To Malam Direkta, ni na gwada fassarar gaskiya a kan yaran Zango, na ga abin da ta yi. Kun auna desan na da da kyawun zane da daidaiton fassara, kuka ce bai bar komai ba. Ban san abin da ya bar wa yaran ƙasar da aka yi shi ba. Mu abin da ya bar mana shi ne zaure cike da yara talatin suna dariya lokaci ɗaya, da babba a tsaye yana tace abin da zai shiga kunnenmu. Har yau in wani cikin tsaranmu ya riƙe kayan mutane, tela ne ko mai gyaran waya, mukan ce masa kura ta koma halinta, ya ji kunya. Ƴaƴana suna kallon desan mai kyawun zane a waya, kowa da kusurwarsa, ban san abin da ake faɗa musu ba. Wataƙila nasu ya fi. Amma da kun bar kaset ɗin ya yi minti biyar, da kun ji dariyar da ke bayan muryar, da kun sami abin muhawara na gaske. Ba ku bari ba.

5. Inda kaset ɗin suka tafi

Na dawo karɓa bayan mako biyu. Aka ce kun yi tafiya. Na biyu, aka ce mai mabuɗin ɗakin ajiya bai zo ba. Na uku da na huɗu, aka ce ana kan juyawa. Na biyar, sakatare ya tambaye ni takardar shaida. Na shida na zauna a benci daga safe har azahar. Na bakwai ne mai gadinku, dattijo mai mutunci, ya ja ni gefe ya ce an share ɗakin ajiya kafin ruwa ya sauka, an fitar da kwalaye aka ce duk mai so ya ɗauka. Shi ya ɗauki kwali ɗaya na kaset ya aika wa surukinsa a Guna, don manoma suna zare zaren su ɗaura a gona, yana ƙyalli yana kaɗawa, tsuntsaye su ji tsoro. Ba na ganin laifinsa. Shara aka ce masa.

Ranar Lahadi na hau kabu-kabu zuwa Guna. Gero ya fitar da kai, tsuntsayen jan-baki sun sauka. Tun daga nesa na hango zaren, an ja shi daga kara zuwa kara, ya ratsa gonar gaba ɗaya, iska tana kaɗa shi yana wani ɗan kuka. Na tsaya ina kallo, ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. A gindin wata bishiya na tarar da kwanson kaset a zube, shida daga ciki da koren rubutuna: biyu, uku, biyar, shida, bakwai, takwas. Da na yi wa manomin bayani, ya cire hularsa, ya kira sunan Allah, ya shiga gonar da kansa yana kwance zaren, alhali tsuntsaye suna cin geronsa a gabanmu. Mutumin da bai taɓa ganina ba ya yi mini abin da gidanku bai yi ba a zuwa bakwai.

Na dawo da zaren cikin buhu, a cukurkuɗe da na wasu kaset da ban san na wane ne ba. Kullum da safe ina warware kaɗan, in goge, in naɗe da bik. Wanda na gama yau na sa shi a rediyo. Rana ta cinye shi. Shuuu kawai ake ji, sai wuri ɗaya da yara suka fashe da dariya, sai tarin mahaifina sau ɗaya. Na mayar da wurin baya sau da yawa.

Inna ba ta sani ba. Kowace Juma'a in na je gaishe ta sai ta tambaya, in ce mata ana kan juyawa. Maganar sakatarenku nake maimaita wa uwata.

6. Abin da nake roƙo

Lamba ɗaya, da huɗu, da tara ba su cikin na Guna. Ina zaton ɗaya daga ciki ne kuka sa a shirin, to wataƙila suna ɗakin ɗaukar shiri, ko cikin aljihun tebur ɗin wani. Ina roƙon ku sa a duba, ku da kanku, kafin a sake shara. In an juya ko da minti ɗayan nan a kwamfuta, a ba ni shi.

Ina roƙon ku faɗa a tele, a shirin da kuka yi dariyar, cewa mutumin yana da suna, kuma ba maƙaryaci ba ne. Ba sai kun ce desan na da yana da kyau ba. Ku riƙe ra'ayinku.

Ina roƙon duk wanda zai kawo muku kaya nan gaba a ba shi takarda, ko bai nema ba.

Ba na neman diyya. Na tara ɗin nan ma da nake nema, muryata ce a ciki ina kunyata ubana, kuma shekara da shekaru ban iya saurarensa ba. Duk da haka shi na fi so a samo, domin a ƙarshensa, bayan yara sun watse, akwai inda ya ce mini na yi ƙoƙari.

Allah ya taya ku riƙon aikin da aka ba ku. Allah ya sa abin da kuka bar wa ƴaƴanku ya faɗa hannun masu amana. Allah ya ji ƙan iyayenmu da suka rigaye mu, ya ba masu rai haƙuri da mu.

Wassalam.

Lawali ɗan Malam Mamman baduku,
Zango, Damagaram.

Na bar abin da ke ƙasan shafin kayen yadda yake, don ku ma kuna ciki. Ayyukan gobe:

– Warware zaren lamba shida. Neman sabon bik, wannan ya fashe.
– Aika wa manomin Guna tsofaffin ledoji masu ƙyalli, ya ɗaura a madadin zaren.
– Biro ɗin tele, zuwa na takwas. Tafiya da kaye.
– Juma'a ce. Gidan Inna bayan masallaci. Mayar mata da ɗankwalinta. Faɗa mata gaskiya.