Wankan Baba

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya ƙarfin jikinki, ya jaririya, ya maigidan? Allah ya raya mana ita. Ki yi haƙuri da guntayen amsoshin da nake ba ki a waya. Bakin Baba ne ya yi nauyi, kunnensa garau yake, shi ya sa na ɗauki biro.

Gaskiyar magana, tun da aka sallamo shi daga asibiti abin ya ƙi daɗi. Ɓarin damansa har yanzu ba ya motsi. Abinci da magani yana karɓa a hannuna, amma da ya ga na shigo da baho da soso sai ya damƙe zanin gado da hagunsa, ya juya fuska bango. Kin dai san halin mutuminki. Wanda ya ƙarar da ƙarfinsa a kan tsani yana fentin gidajen mutane, ko riƙe masa tsanin ba ya so a yi, yau a ce Autansa ne zai tuɓe shi, Autan da ya gudu daga buroshi ya koma gyaran waya. Na yi lallashi, na yi fushi, duk a banza. Da Inna tana raye da abin ya zo da sauƙi.

Yanzu gyambon kwanciya ya fito masa a ƙugu. Nas ɗin da asibiti ke turo mana ta duba, ta ce in ba ana wanke shi ana juya shi ba, dole a mayar da shi gadon asibiti. Yaya, da ya ji haka na ga hawaye ya gangaro masa har cikin kunne. A can Inna ta cika, ba sai na faɗa miki abin da yake tunani ba.

Ita Nas ɗin nan 'yar dattijuwa ce, gajeriya, jakarta ta kusa fin ta girma. Na ɗauka faɗa za ta yi mini, sai ta hau tambayata yaushe rabona da barcin kirki, kuma wa ke dafa mini abinci. Har na ji haushi, na ce a raina ga mara lafiya a kwance ana tambayar ƙato. Daga nan ta tsaya tana kallon bangon ɗakin, ta shafa kusurwa da yatsa, ta tambayi Baba ko aikinsa ne. Ya ɗaga gira. Ta ce in tanadi ruwan ɗumi gobe da hantsi, ta ɗauki jakarta ta tafi.

Ki taya mu da addu'a. Ki sumbaci jaririya a madadina.

Ƙaninki,
Auta

Yayata ta kaina,

Ina gaishe ki da gida duka, da fatan jaririya tana barin ki runtsa. Zauna ki ji abin mamaki.

Nas ta zo, na ɗauka ita za ta karɓi soson. Ina! Ta sa na lulluɓe Baba da babban tawul tun daga wuya, ta ce ba a buɗe ko'ina sai inda ake wankewa. Ta danƙa mini soson, ta kamo hannun Baba na hagu ta ɗora a wuyan hannuna. Sannan ta dube shi, ba ni ba, ta ce: "Baba, ba wanda zai yi maka wanka. Kai za ka yi abinka. Hannun yaron nan kayan aiki ne, in ba ka motsa shi ba, ba zai motsa ba."

Ta ja kujera bakin ƙofa, ta zauna ta ba mu baya.

Baba bai motsa hannuna ba har ruwan ya huce. Ba tare da ta waiwayo ba ta ce in ƙaro na zafi. Na ƙaro, na mayar da hannuna ƙarƙashin nasa. Ina cewa a raina yau ma an tashi a tutar babu, sai na ji yatsunsa sun matse ni. Ya ja hannuna zuwa kafaɗarsa, ya sauko da shi a hankali, ya koma sama, ya sake saukowa. Yaya, fenti yake yi! Yadda yake jan buroshi, daga sama zuwa ƙasa, ba gaggawa, ba tsallake. Da na yi garaje sai ya girgiza mini hannu, irin girgizar da yake mini ina yaro in na ɗiga masa fenti a ƙasa. Mutumin da nake ta yi wa kallon ya ƙare, ashe yana nan daram, mu ne muka karɓe masa aikinsa muna kiran abin kulawa.

Wajen juya shi ma sai da ta sa na jira ya ba da izini da kai. Ta nuna mini yadda zan lanƙwasa gwiwa in ɗaga, ta ce in na karya bayana ba ta da lokacin majinyata biyu a gida ɗaya. Ta wanke gyambon da kanta, ta rufe, sannan ta kore ni. Wai in je shago in ga mutane, ita za ta zauna da shi. Na fita bakin titi na tsaya kamar baƙo, na rasa me ke sa ni kuka.

Har yanzu ina mamakin matar nan. Ba ta san Baba ba, bango kawai ta kalla ta karanta shi. Na tambaye ta a ina ta koyi wannan, ta ce a ɗakuna irin namu, ta ci gaba da naɗe bandejinta.

Ke ma ta ba ki aiki. Ta ce in kin kira, ki daina tambayarsa ya jiki. Ki tambaye shi kalar da ta dace da ɗakin jaririya, ki lissafo masa, ni zan faɗa miki inda ya gyaɗa kai.

Ki gaishe da maigidan.

Naki,
Auta

Yaya,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya kamar yadda muke. Albishirinki: gyambon ya kama bushewa, Nas ta ce maganar komawa asibiti a ajiye ta. Shuɗin da Baba ya zaɓar miki kuwa, ki yi shi ko ba kya so, don na ga alamar zai nemi hoto.

Amma ba wannan ya sa na rubuto ba. Ɗazu da hantsi mun gama wanka, na zo zare hannuna sai ya ƙi saki. Na ɗauka akwai inda na manta. Sai ya ɗaga hannun nawa, da soson da komai, ya kai shi fuskata. Ya goge mini goshi, ya sauko kumatu, ya zagaya bayan kunnena ya dirje sosai, wurin nan da kullum nake tsallakewa ina yaro har Inna ta kai masa ƙara. Bakinsa ya yi ta motsi, ya yi ta kokawa da harshensa, can na ji muryar da rabona da jin ta a fili tun ranar da ya faɗi.

"Ka bar lungu," ya ce.

Nas tana kujerarta a bakin ƙofa. Ba ta waiwayo ba, amma na ga ta kai gefen mayafinta ido. Ni kuwa na durƙusa a wurin, ruwan sabulu yana bin wuyana yana jiƙa mini riga, na miƙa masa ɗaya kunnen.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙaninki mai tsabtar kunne,
Auta