Ƙafar Baba da aka binne

Korgom, daren Talata, 4 ga Maris

Na gaji liƙis. Yau ma Baba ya wuni yana kukan ƙaiƙayi a tafin ƙafar da aka yanke mashi bara, bayan hatsarin moto. Kawu Issa ya rantse tururuwa ce ta shiga ramin da suka binne ta, gobe za ya tona. Na ce mashi a lakwal ɗin jinya an koya mana ƙwaƙwalwa ce ba ta yarda ƙafar ta tafi ba. Ya ce, "Ke dai da bokonki."

Bayan isha'i Baba ya ce, "Hadiza, ɗan sosa mani." Na durƙusa na sosa tabarma, daidai inda ya nuna. Ya lumshe ido, ya ce in yi ƙasa kaɗan.